Sanƙo da Zubewar Gashi: Umarnin Daga Ƙarƙashin Fata Yake Fitowa

Ranar Asabar da hantsi gidan mai kitso ya cika maƙil. Wata na zaune a gaban mai kitson ta sunkuyar da kai, wata na tsifa, wata kuma ta zame ɗankwali tana nuna wa ta kusa da ita yadda gashin gaban goshinta ya ja baya. Kafin ka ce kwabo an fara jero mata magani: man karkar, garin cebe na matan Cadi, man kaɗe da aka dafa da hulba, ruwan albasa. Kowace tana da wadda ta sani da ta gwada, gashi ya sauko har gadon baya.

A shagon aski ba a yin wannan hira da ƙarfi. Mai aski ne zai ɗaga madubi ta bayan kai, saurayin da bai cika talatin ba ya hango tsakar kansa ta fara haske, ya yi shiru, ya mayar da hularsa. Abokai za su ce alamar kuɗi ce. Shi kuwa da dare sai ya shiga TikTok da WhatsApp, inda masu talla ke nuna hoton kai biyu, ɗaya fayau ɗaya cunkus, da alƙawarin mako biyu.

Kasuwar man gashi tana ci, kuɗi na fita daga aljihun maza da mata. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, me ke sa gashi ya tsiro tun farko, me kuma ke tsayar da shi. Masana sun yi shekaru da dama suna bin wannan tambaya, amsar kuma ta kai su ga ƙwayoyin gado, wato rubutattun umarnin da kowa ke karɓa rabi daga uwa rabi daga uba.

Wanda ake tajewa ya riga ya mutu

Silin gashin da ake wankewa, ake shafa wa mai, ake kitsewa, ba shi da rai. Busasshen sinadari ne mai suna keratin, irin wanda ya yi farce da ƙaho. Ba jini a cikinsa, ba jijiya, shi ya sa aski ba ya zafi.

Rayayyen sashen yana cikin wani siririn gurbi da ya nutse kimanin milimita 3 zuwa 4 a cikin fata. Kan mutum yana ɗauke da irin wannan gurbi kusan 100,000, jiki duka kuma wajen miliyan 5. Dukkansu tun a ciki ake ƙera su, daga kusan wata na uku, kuma bayan haihuwa jiki ba ya ƙara sabo.

Don haka askin da wanzami ke yi wa jariri ranar suna yana da matsayinsa na addini da al'ada, amma ba ya ƙara yawan gashi. Tun 1928 wata masaniya a Amurka, Mildred Trotter, ta auna gashin gemun da ake askewa, ta ga aski bai ƙara masa sauri ko kauri ba. Bakinsa ne da aska ta datse yake sa a ji shi da kaushi.

A can ƙasan gurbin akwai ƙwayoyin sel, ƙananan ƙwayoyin da jiki ya ginu da su, suna rarrabuwa da saurin da kaɗan ne a jiki ke kamo su. Sababbi na tura tsofaffi sama, tsofaffin su cika da keratin su mutu, su fito a matsayin gashi. Wannan saurin ne ke jawo musu wahala idan mutum yana karɓar maganin ciwon daji, domin maganin yana farautar duk sel mai saurin rarrabuwa. Gashi ya zube, amma galibi yakan dawo bayan an gama.

Shekarun aiki, watannin hutu

Gurbin gashi ba ya aiki ba fashi. Yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana fitar da gashi, sannan cikin mako 2 zuwa 3 rabinsa na ƙasa ya tsuke ya narke, sai ya kwanta hutun kimanin wata 3. Daga nan ya sake gina kansa, sabon gashi ya turo tsohon ya faɗi.

Kowane gurbi da nasa lokacin. A kan mai lafiya, kusan 9 cikin 10 suna aiki a kowace rana, sauran na hutu. Sili 50 zuwa 100 da ke maƙalewa a mataji kullum ba ciwo ba ne, waɗanda wa'adinsu ya cika ne.

Gashi na ƙara kimanin santimita 1 a wata, na mutanen Afirka ya ɗan gaza haka. Tsawon da zai kai ya dogara ne kan shekarun da gurbin zai yi yana aiki kafin a tsayar da shi. Gira ba ta saukowa ta rufe ido saboda wa'adin aikinta 'yan watanni ne kawai.

Ɗaya daga cikin masu buga ƙararrawar tashi daga aiki ita ce ƙwayar gadon da ake kira FGF5. A 1994, a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, masu bincike suka kashe ta a jikin ɓeraye, sai ɓerayen suka fito da gashi zaro-zaro. Daga baya aka gano canji a wannan ƙwayar ne ya ba wasu kyanwoyi da karnuka dogon gashi. A 2014 kuma aka same shi a wasu iyalai a Pakistan, waɗanda gashin idonsu ya yi tsawon da ba a saba gani ba.

Wa ke tayar da gurbi daga barci?

Idan rabin gurbi yana narkewa duk bayan 'yan shekaru, daga ina ake samo kayan sake gina shi? A 1990 George Cotsarelis da abokan aikinsa, Tung-Tien Sun da Robert Lavker, suka nuna cewa akwai wani ɗan kumburi a gefen gurbin, kusa da inda siririyar tsokar da ke sa tsikar jiki tashi take maƙale. A nan ƙwayoyin asali suke zaune. Ba sa yawan rarrabuwa, jira suke a kira su.

Mai kiran yana ƙasa: wani ɗan ƙullutun sel a tushen gashi, wanda masana ke kira damal fafila. Girmansa ne ke yanke kaurin gashi, saƙonsa ne ke cewa a fara.

Wani masani a Jami'ar Durham ta Ingila, Colin Jahoda, ya gwada ƙarfin sel na wannan yanki ta hanyar da ba kowa zai yarda ba. Ya ciri sel daga rigar da ke kewaye da tushen gashin kansa, aka dasa su a fatar hannun matarsa, Amanda Reynolds, wadda ita ma masaniya ce. Cikin 'yan makonni gashi mai kauri ya fito a wurin, jikinta kuma bai ƙi baƙin ba. An wallafa sakamakon a 1999.

Saƙonnin da ke kai-komo tsakanin ƙullutun da ƙwayoyin asali, ƙwayoyin gado ne ke rubuta su. Akwai dangin da ake kira Wnt, su ne masu cewa a tashi. Akwai dangin BMP, masu cewa a ci gaba da kwanciya. Muddin muryar BMP ta fi ƙarfi, gurbi na barci. Ranar da ta yi sanyi, ta Wnt ta ɗaga, sai ƙwayoyin asali su motsa. Daga nan wata ƙwayar, da aka laƙaba wa sunan bushiyar wani wasan kwamfuta, Sonic hedgehog, ta karɓa ta riƙa ingiza gurbin yana nutsawa ƙasa.

Mai karatu zai ce, to ai sai a buɗe wa Wnt hanya kowa ya huta. An gwada. A 1998, a ɗakin binciken Elaine Fuchs da ke Jami'ar Shikago, aka samar da ɓerayen da saƙon Wnt ba ya mutuwa a fatarsu. Sababbin gurabe suka fito bayan haihuwa, abin da ake ganin ba ya yiwuwa. Amma daga baya ƙari ya biyo baya a fatar. Hanyar Sonic hedgehog ma haka take: idan ta ƙi rufuwa tana haddasa nau'in kansar fata da ya fi yawa a tsakanin Turawa, magungunan da ke toshe ta kuma suna zubar da gashi.

A nan gizo ke saƙar. Umarnin da ke tsirar da gashi, shi ne umarnin da ke cewa sel su yawaita, kuma jiki yana tsaron wannan ƙofa da gaske. Duk wanda ya ce kwalbarsa ta dubu biyu za ta buɗe ta cikin mako biyu, a tambaye shi yadda zai rufe ta.

Iyalan da suka koyar da likitoci

Da yawa daga abin da aka sani an koye shi ne daga gidajen da wani abu ya kuskure. A 1875 Charles Darwin ya ba da labarin wani dangi a yankin Sindh, cikin Pakistan ta yau, inda maza goma a tsawon zuriya huɗu suka tashi da haƙora 'yan ƙalilan, gashi tsilli-tsilli, ga wahala da zafi saboda fatarsu a bushe take. Matan gidan lafiyarsu lau, amma ta wajensu abin ke bi ya kama 'ya'yansu maza. Sai a 1996 aka gano ƙwayar da ke da alhaki, EDA, wadda ke ba da umarnin ƙera gurbin gashi da haƙori da mafitar gumi tun a ciki.

A 1998 kuma Angela Christiano ta Jami'ar Kolombiya da ke Niyok, tare da Wasim Ahmad, suka bi wani dangin a Pakistan. Jariransu na zuwa da gashi, ya zube sau ɗaya, shi ke nan har abada. Ƙwayar gadon da ta samu matsala aikinta shi ne haɗa zagaye na farko da na biyu. Ba ita, gurbi ya kwanta bai san hanyar tashi ba.

Sanƙo: gadon uwa ne ko na uba?

Tun zamanin tsofaffin Girkawa aka lura babanni ba sa yin sanƙo. A 1942 wani likitan Amurka, James Hamilton, ya tabbatar da haka: namijin da aka dandaƙe kafin balaga gashinsa na nan daram. Idan aka yi masa allurar sinadarin maza, testostiron, sai sanƙo ya fara, amma ga wanda ake yin sa a danginsu kawai. Abu biyu ke nan sai sun haɗu, sinadari da gado.

Ragowar labarin ya fito daga wani ƙauye a Jamhuriyar Dominika. A 1974 Julianne Imperato-McGinley ta ba da rahoton yaran da ake haifa ana zaton mata ne, sai lokacin balaga siffar maza ta bayyana. Jikinsu ba ya iya juya testostiron zuwa wani nau'i mafi ƙarfi da ake kira DHT. Da suka manyanta, gemunsu kaɗan ne, kuma gashin goshinsu ba ya ja da baya. Kamfanin Merck ya ɗauki wannan darasi ya ƙera finasteride, wanda aka fara ba masu kumburin furostet a 1992, aka amince da shi don sanƙo a 1997.

Abin mamakin shi ne DHT ɗin da ke cika gemu da ƙasumba, shi ne ke cinye tsakar kai. Bambancin yana cikin ƙullutun kowane gurbi da yadda ƙwayoyin gadonsa ke fassara saƙon. A goshi da tsakar kai, wa'adin aiki na raguwa zagaye bayan zagaye, gurbin na tsukewa, har gashin ya koma siriri marar launi da ido ba ya gani. Na ƙeya da gefen kunne kuwa ko a jikinsu.

Ƙwayar gadon da ke ƙera makarɓar wannan sinadari tana kan kuromosom X, wanda namiji daga uwarsa kaɗai yake samu. Shi ya sa masu cewa a dubi kan kawu ko kakan wajen uwa suna da ƙamshin gaskiya. Sai dai a 2017 masu bincike a Jami'ar Edinbara ta Sikotilan suka duba maza sama da 50,000, suka sami wurare kusan 290 a cikin kundin gado da ke da hannu a sanƙo, akasarinsu ana iya gadonsu ta kowane ɓangare. Binciken tagwaye ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na lamarin gado ne. Hula dai an ɗora mata laifin da ba nata ba.

Wani sakamako na 2011 daga ɗakin binciken Cotsarelis a Jami'ar Fensilbaniya shi ya fi ba masu sanƙo fata. Da aka duba fatar da ta yi fayau, sai aka tarar ƙwayoyin asali suna nan kusan yadda suke a inda gashi yake. Matakin da ke bi musu ne ya yi ƙaranci. Iri na nan kwance a ƙasa, ruwan shuka ne bai sauka ba.

Furfura ma daga ɗan kumburin nan na gefen gurbi take farawa, domin a nan ƙwayoyin asalin launi ke zaune, kuma suna ƙarewa da shekaru. Lokacin farawarta yakan bi gida. A 2020 wani bincike a Jami'ar Harvard ya nuna tsananin damuwa na iya ƙarar da su da wuri a jikin ɓeraye.

Ba duka ne gado ba

A ɓangaren mata ne maganar gado ke buƙatar taka-tsantsan, domin akan fake da ita a bar abin da ake iya hanawa. Farfesa Nonhlanhla Khumalo ta Jami'ar Kef Tawun a Afirka ta Kudu ta duba mata a wata unguwar baƙaƙen fata, ta sami kusan ɗaya cikin uku na manyan mata da zaizayar gashin gaba sakamakon ja, har da kaso mai yawa na 'yan makaranta. Haɗarin ya fi yawa ga wadda ta sa rilaksa sannan ta ɗora kitso mai tsauri ko ƙarin gashi.

Masu kitso suna da tasu hujjar. Za su ce masu zuwa ne ke neman a ja sosai don kitso ya yi kyau ya kuma daɗe, wadda ta sassauta hannu kuwa sai a ce ba ta iya ba. Gaskiya ne. Amma kitson da ya hana barci, ya tayar da ƙuraje a goshi, har aka sha maganin ciwon kai saboda shi, yana taɓa gurbi. Da farko gashin na dawowa idan an sassauta. Idan aka shekara ana ja, tabo ya maye gurbin ƙwayoyin asali, babu man da zai dawo da su.

Akwai kuma wata zubewar da ke farawa daga tsakar kan mata baƙaƙen fata tana faɗaɗa, tana barin fata sumul. An daɗe ana ɗora laifinta kan mataji mai zafi da rilaksa kaɗai. A 2019 wani ayarin da ya haɗa da Farfesa Ncoza Dlova ta Durban ya gano kusan kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka duba suna da canji a ƙwayar gadon PADI3, mai taimakawa wajen ƙera silin gashi. Ke nan wata za ta yi shekaru tana abin da ta ga dama da kanta ba abin da ya same ta, 'yar'uwar zamanta ta yi rabin haka ta rasa gashi.

Mai jego da ta ga gashi na fita dunƙule-dunƙule wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, kada hankalinta ya tashi. Lokacin ciki sinadaran jiki sun riƙe gurabe da yawa a bakin aiki, bayan haihuwa suka tafi hutu a tare. Haka yake faruwa bayan zazzaɓi mai tsanani, irin taifot, ko tiyata. Yakan dawo da kansa cikin watanni, kuma sau da yawa man da aka shafa a tsakani shi ke kwashe yabon. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma suna zubar da gashi, makero a kan yara kuma maganin sha yake buƙata.

Me ke aiki, me ba ya yi?

Masu sayar da mai ba ƙarya zalla suke yi ba. Gashinmu murɗaɗɗe ne, kowace lanƙwasa wurin karyewa ce, man da fata ke fitarwa kuma ba ya gangarawa har ƙarshensa. Karkar da cebe da man kaɗe suna tausasa sili su rage karyewa, sai tsawon da gurbi ya riga ya bayar ya tsaya a ka. Wannan amfani ne na gaske. Inda suke zarce gona da iri shi ne cewa za su tsirar da gashi a kan da DHT ya cinye ko tabo ya rufe.

Likitocin fata suna da 'yan makamai, kowanne da iyakarsa. Minoxidil maganin hawan jini ne da aka lura yana sa masu shan sa gashi, aka mayar da shi na shafawa a 1988. Yana tsawaita wa'adin aiki, sai an yi wata 4 zuwa 6 kafin a ga alama, ranar da aka daina kuma abin da aka samu zai fara tafiya. Finasteride na rage DHT, amma wasu maza na kukan raguwar sha'awa, kuma haɗari ne ga ɗan da ke cikin mai juna biyu. Ba maganin da za a saya a kemis a kan shawarar aboki ba ne.

Dashen gashi, wanda ya mayar da Istanbul matattarar masu sanƙo daga ko'ina, ya tsaya ne kan abin da Norman Orentreich ya nuna a 1959: gurbin da aka ciro daga ƙeya yana tafiya da halinsa, ba ya ɗaukar halin inda aka kai shi. Sai dai rabon abin da ke akwai ne, ba a ƙara ko gurbi ɗaya. Malaman Musulunci da dama na wannan zamani sun halatta shi a matsayin gyaran lahani, sun bambanta shi da ƙarin gashi da hadisi ya hana.

Inda ilimin gado ya haifar da sabon magani a fili shi ne cutar da ke cire gashi kewaye-kewaye kamar an ɗora kwabo. Christiano, wadda ita kanta ta yi fama da ita, ta jagoranci binciken 2010 da ya nuna garkuwar jiki ce ke kai wa gurbi hari, ya kuma nuna hanyar da take bi. A 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da baricitinib don masu tsananinta. Tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin mutanenmu.

Kundin da babu mu a ciki sosai

Kusan duk manyan binciken sanƙo a kan Turawa aka yi su. Kamfanoni a ƙasashen waje suna karɓar yawu su ce za su faɗa wa mutum ko zai yi sanƙo, amma ma'aunin nasu daga jinin Turai aka ciro shi.

A 'yan shekarun nan wasu masana suka gwada wannan ma'auni a kan maza sama da 2,000 daga Najeriya da Gana da Sanagal da Afirka ta Kudu. Hasashen ya yi rauni ƙwarai, bai fi canki-canka da wani abin kirki ba. Afirka ce nahiyar da ta fi kowace bambancin ƙwayoyin gado, kuma yawancin waɗanda ke tafiyar da guraben gashin mutanenta ba a kai ga tantance su ba tukuna.